Babban Malami a Makarantar Tsibiri

 Yau jirgin ruwa za mu shiga, mu nufi tsakiyar Tafkin Chadi, inda ake da makarantun da mota ba ta zuwa. Tambaya guda ce za ta kai mu can. Idan hukuma ko iyayen yara suka ajiye sabon malami a tsibiri, suka juya, wa ke riƙe da hannunsa har ya iya aikin? A ganina amsar tana kwana cikin tsibirin tare da shi, wato malamin da ya riga shi daɗewa a wurin. Kuma wannan mutumin shi ne wanda aka fi mantawa da shi duk lokacin da ake tsara harkar ilimi a birni.

Bari mu fara sanin wurin, don wanda bai san halin ruwan nan ba, ba zai gane halin makarantar ba. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980 ya janye kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan, kuma tun 1973 tafkin ya rabu gida biyu, ɓangaren arewa da na kudu. Daga nan yana gaba yana baya, a shekarun ruwa mai yawa irin 2022 da 2024 ya sake mamaye wuraren da aka daɗe ana noma. Mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da na Logon yake zuwa, sai ɗan abin da Komadugu Yobe ke kawowa daga wajen Haɗeja da Jama'are. Ruwan Shari ba ya isowa da ƙarfi sai damina ta wuce, saboda haka tafkin yana cika ne daga wajen Oktoba zuwa Disamba da Janairu. To, a Oktoba ake buɗe makarantu a Chadi da Nijar. Yara na shiga aji, ruwa na hawa. Bayan wasu watanni ya fara ja, sai a kai lokacin da ya yi wa jirgi kaɗan, ya yi wa ƙafa yawa, ga laka ga ciyawa sun toshe hanya. Wurin da aka je cikin sa'o'i biyu a Disamba yana iya cin yini guda a Afrilu.

Mutanen tsibiran kuwa iri-iri ne. Akwai Buduma, masu kiran kansu Yedina, da shanunsu na Kuri masu ƙatattan ƙahoni waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Akwai Kanembu, da Barebari, da Kotoko, da Larabawan Shuwa. Akwai kuma Hausawa masunta da 'yan kasuwar banda, waɗanda kifi ya ja su can shekaru da dama da suka wuce, har Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki a kasuwannin tafkin, daga Doron Baga zuwa Darak ta Kamaru da Kinasarom ta Chadi. Yanzu ku kawo 'ya'yan waɗannan duka, ku zuba su aji ɗaya, ku ce a koya musu karatu da Faransanci ko Larabci, harsunan hukuma a Chadi, waɗanda yawancinsu ba a yin su a gida.

Sai kuma rashin tsaro ya zo ya ƙara. Bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga ranar 25 ga Afrilun 2015, hukumomin Nijar suka umarci mutane su fice daga tsibiran, wajen mutum 25,000 suka fito zuwa Gigimi da Boso. A ɓangaren Chadi ma dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa kewayen Baga Sola da Bol, aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin a Nuwamban shekarar. Makarantu da dama suka rufe. Inda mutane suka koma daga baya, ana iya sake kafa rumfa a kwana biyu, a kawo allo da alli a jirgi guda. Malamin da ya yi shekara goma sha biyar a wurin, ya san gidan kowa, shi ne ba a samu a kasuwa.

Su wa ke koyarwa a irin waɗannan makarantu? A Chadi kashi biyu ne. Akwai malamin gwamnati, wanda ya fito daga makarantar horon malamai da takardarsa da albashinsa. Akwai kuma malamin al'umma, wanda ƙungiyar iyayen yara ke ɗauka tana biyansa daga aljihunta. Wannan tsari ya yi ƙarfi tun shekarun yaƙin basasa, lokacin da gwamnati ta kasa tura malamai ƙauyuka, iyaye suka ce ba za su zauna su zuba ido ba. An daɗe ana ƙiyasta cewa malaman al'umma sun haura rabin malaman firamare a ƙasar. Da yawansu sun shiga aji ba tare da sun taɓa samun horon koyarwa ba. Ba raini nake musu ba, ko kusa. Ba don su ba da yara bila adadin ba su taɓa riƙe alli ba. Amma sakamakon yana nan a fili. A gwajin PASEC na 2019, wanda aka yi a ƙasashe 14 na Afirka, yaran Chadi da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai mizanin iya karatu ba su cika ɗaya cikin huɗu ba. Wannan lissafin ƙasa baki ɗaya ne, har da birane. Ku kwatanta da tsibiri.

A takarda, akwai masu kula da malami. Akwai sufeton makarantu, akwai mai ba da shawara kan koyarwa, akwai ranakun bita. A Nijar akwai tsarin da ake kira CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa su yi wa juna darasi, su gyara wa juna. Tsari ne mai kyau, amma an gina shi ne a kan zaton cewa malami zai hau babur ko keke ya je ya dawo. A tafki kuwa sai an yi hayar jirgi mai inji, sai an sayi mai, sai an tambayi halin hanya, wani lokaci sai da izinin jami'an tsaro. Sufeton da ke zaune a Bol da makarantu masu yawa a wuyansa, in ya leƙa tsibiri sau ɗaya a shekara ya yi ƙoƙari. In ya zo ma, rajista zai duba, ya ƙirga yara, ya kama hanya kafin iskar yamma ta taso. Sauran kwanakin shekara duka, sabon malami ba shi da wanda zai tambaya sai abokin aikin da ke rumfar da ke kusa da tasa.

To, mene ne ainihin aikin wannan babban malamin? Bari mu shiga ajin mu gani.

Mu ɗauka makaranta ce mai malamai biyu, azuzuwa shida. Sabon malami ya samu aji ɗaya da aji biyu da aji uku a rumfa guda ta zana, yara zaune a kan yashi, allo ɗaya jingine da itace. A makarantar horo, in ma ya je, an koya masa yadda ake koyar da aji ɗaya mai shekaru ɗaya. Sai ya fara da ƙanana, yana "a, e, i", manya na can baya suna kokawa. Ya juya wajen manya, ƙanana su fara kuka, wasu su sulale bakin ruwa. Kafin ƙarfe goma murya ta dushe, hannu ya kai ga bulala. Babban malamin da ya san aikinsa yana jin wannan hayaniya daga rumfarsa. Ba ya shigowa ya tsawata a gaban yara, don in ya yi haka ya gama kashe sabon malamin nan, ba wanda zai ƙara jin maganarsa. Sai ya bari a tashi. Da yamma, bayan la'asar, ya same shi ya ce, "Ƙanena, gobe ka ba ni aron ajinka na rabin sa'a, kai ka zauna a baya ka huta."

Washegari ya shigo, ya ja layi biyu a allo ya raba shi uku. Ya juya 'yan aji uku suka fuskanci gefe guda, ya rubuta musu jimloli huɗu masu giɓi su cike. Ya ɗauko yarinya mai kaifin kai daga cikinsu ya sa ta gaban 'yan aji biyu, ya ba su ƙwallayen goruba da bawon katantanwa su yi ta tara goma-goma. Shi kuma ya durƙusa cikin ƙanana, kowa ya share yashin gabansa, ana zana harafi da yatsa. Bayan minti goma ya tafa hannu, ya matsa rukuni na gaba. Ba wanda ya zauna banza, ba wanda aka doka. Da aka tashi, sabon malami ya ce, "Malam, ai ban san ana yi haka ba." Ya ce, "Ba a haifi kowa da shi ba. Gobe kai za ka yi, ni in zauna a baya."

Wannan zaman na baya shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ake gane babba na gaske. Zai ga kurakurai goma. In ya zazzage su duka a kan yaron, ba abin da zai gyaru. Sai ya fara da abin da ya yi daidai, ya faɗe shi da sunansa, ya ce, "Yadda ka kira yaran baya su ma suka amsa, ka ci gaba da haka." Sannan ya ɗauki kuskure ɗaya tak. "Kana yin tambaya kana amsa wa kanka. In ka tambaya, ƙirga biyar a zuci kafin ka kira wani." Shi ke nan na wannan mako. Mako mai zuwa a duba ko ya zauna, a ɗauko wani. Ɗan masunci ma a cikin jirgi yake koyon jefa birgi, kusa da ubansa, yau a gyara masa tsayuwa, gobe a gyara masa hannu.

Sai batun harshe, wanda shi ne ke karya gwiwar baƙo tun makon farko. Malamin gwamnati yana iya fitowa daga Mundu ko Sar a kudancin ƙasar, yana jin Faransanci da Larabcin Chadi da harshen gidansu, bai taɓa jin kalma ɗaya ta Buduma ba. Yana magana, yara na kallon bakinsa. Babban malami ne zai zaunar da shi ya rubuta masa kalmomin da ba a iya aji sai da su: zo, zauna, duba, sake faɗa, ka gane, madalla, da ƙirga ɗaya zuwa goma. Shi zai nuna masa yaron da ke jin Kanembu da Hausa, wanda zai riƙa yi masa tafinta. Shi ne kuma zai cire masa tsoron cewa in ya yi bayani da harshen yara ya karya doka. Yaro sai ya gane abin da ake nufi kafin ya riƙe sunansa da Faransanci.

Rabin aikin kuma a wajen aji yake. Baƙon da aka sauke a bakin ruwa da jakarsa bai san ƙofar da ake fara bugawa ba. Babba ne zai kai shi gaisuwa wajen bulama, da liman, da shugaban masunta, da malamin allo. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, don yaran da ake nema a boko su ne almajiransa na safe da dare. In aka zauna aka raba lokaci cikin mutunci, kowa ya samu. In aka yi masa ƙafar angulu, rumfar boko za ta wayi gari ba kowa. Babba ne ya san watan da kifi ke kamuwa, iyaye su kwashe samari zuwa sansanin su, da watan da ruwa ke ja a bi shanu. Ya san cewa darasi mai wuya ba a ajiye shi a waɗannan makonni. Shi zai gaya wa baƙo kada ya yi wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya, ya kwana cikin gidan sauro, ya san mashigin da dorina ke bi, kuma kada ya hau jirgin da aka cika da buhunan banda har baki komai saurinsa. In lokacin karɓar albashi ya yi, wanda tafiyarsa ke iya cin kwanaki, shi zai tsara wa zai fara tafiya wa zai riƙe yara, don kada a kulle makaranta. Akwai kuma dare. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, nesa da uwa da uba, ba wuta, sabis na waya sai an hau tudu, ga labarin hari a tsibirin maƙwabta. Wanda ya kira shi cin tuwo, ya zauna da shi hira, ya yi aikin da ke hana shi tattara kayansa ya bi jirgin kasuwa.

In baƙuwar malama ce, nauyin ya ninka. Ina za ta sauka, wa zai tsaya mata, wa za ta kai wa kuka in wani ya matsa mata? Malama babba guda ɗaya a tsibiri tana iya zama dalilin da ƙaramar za ta zauna, kuma zaman su biyun ne ke sa uba ya bar 'yarsa ta wuce aji huɗu.

Yanzu ga inda maganar take da sarƙaƙiya, kuma ina so mu tsaya a kai. Wane ne babba? Sau da yawa wanda ya daɗe a tsibirin malamin al'umma ne, ba shi da takardar horo, abin da iyaye ke ba shi bai taka kara ya karya ba, wani watan ma da kifi ko hatsi ake sallamarsa. Sai a turo matashi mai takarda, a naɗa shi darekta a kansa tun ranar da ya sauka. Ɗaya yana da hatimi, ɗaya yana da sanin wuri. In matashin ya ɗauki kansa shi ne mai ilimi, ya mai da dattijon ɗan aike, ya yi asarar jagoran da ba zai samu irinsa ba, kuma gari zai juya masa baya, don mutane sun san wanda ya koyar da 'ya'yansu lokacin da ba kowa. In kuma dattijon ya ji haushi ya naɗe hannu, ya ce bari mu ga abin da takarda za ta yi, yara ne za su biya. Na fi ɗora nauyin a kan mai hatimi. Shi ya kamata ya fara zuwa, ya gaida dattijon, ya ce, "Baba, ku kuka san wurin nan, ku ɗora ni a hanya." Ba abin da zai ragu a darektancinsa.

Amma kada mu rufe ido, yawan shekaru a aji ba shi ne iya koyarwa ba. Akwai wanda ya yi shekara ashirin yana maimaita kuskure ɗaya, haddar tsiya da bulala, yara na rera abin da ke allo ba su iya nuna harafi guda a ciki. Irin wannan in aka ba shi sabon malami, lalata shi zai yi. Matashin da ya fito horo yana iya zuwa da hanyar koyar da karatu ta sautin haruffa wadda ta fi ta da. Babban da nake yabo shi ne wanda zai iya zama a bayan ajin ƙaninsa ya ce, "Wannan dabarar taka ban san ta ba, nuna mini." Saboda haka zaɓen wanda zai ja sauran malamai ba a yin sa da ƙirga furfura. A duba yaransa, sun iya karatu? A duba bakinsa, yana iya gyara ba tare da muzantawa ba? A duba cikinsa, yana riƙe sirri? Domin ranar da ƙaramin malami ya gane cewa abin da ya faɗa da yamma yana isa kunnen sufeto, ya daina faɗin inda yake da rauni.

Akwai ƙasar da tsibirai ne kaɗai gare ta, ta kuma ɗauki wannan batu da muhimmanci. Maldibs, ƙasar Musulmi da ke tekun Indiya, tana da tsibirai wajen 1,190, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Kai malami babban birni Male don bita yana cin kuɗi da kwanaki. Bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004, ma'aikatar ilimin ƙasar tare da UNICEF suka buɗe cibiyoyin malamai 20 a 2007, aka rarraba su cikin rukunan tsibiran, aka haɗa su da intanet. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a cikin makarantunsu akwai muƙami na musamman na malami jagora, wanda aikinsa a rubuce yake: ya shiga ajin abokan aikinsa ya kalla, ya zauna da su tsara darasi, ya taimaka wa sababbi. Maldibs tana da kuɗin yawon buɗe ido da zaman lafiyar da Tafkin Chadi ba shi da su, ban ce a kwafo komai ba. Amma amincewa da cewa jan abokan aiki aiki ne mai suna da lokaci da lada, wannan ba ya buƙatar intanet.

A Tafkin Chadi, da tsibiran Kwara na ƙasar Yawuri, da na tafkin Bolta a Gana, babban malami yana yin wannan aiki ne don Allah, a kan cikakken ajinsa. Ladan da hukuma ta saba ba shi kuwa shi ne ta ɗauke shi. Da zarar an ga ya ƙware, sai a ce ya cancanci gari, a mai da shi Bol ko wani birni, a bar tsibiri da sababbi biyu suna kallon juna. Ba na cewa a ɗaure mutum a tsibiri har ya tsufa, shi ma yana da iyali da 'ya'yan da ke buƙatar sakandare da asibiti. Amma a sa zaman ya zama abin da mutum zai zaɓa. A ba shi alawus na jagoranci da ke zuwa a kan kari. A rage masa sa'o'i biyu ko uku a mako don ya samu shiga ajin wasu. A ƙirga shekarun tsibiri da nauyi wajen ƙarin girma. In malamin al'umma ne, a buɗe masa hanyar samun takarda a lokacin hutu, a daina barinsa a bakin ƙofa. In kuɗin bita bai isa a kwaso malamai duka ba, a horar da shi shi ɗaya da kyau, ya koma ya yi wa sauran. In kuma dole ne a canza masa wuri, kada a ɗauke shi sai wanda zai gaje shi ya yi zango guda na karatu tare da shi.

Ku kuma iyaye da shugabannin tsibiri, akwai abin da ke hannunku wanda ba sai an jira Njamena ko Yamai ba. Jiragenku na zuwa kasuwa kowane mako. Ku ware wa malami wuri kyauta sau ɗaya a wata, ya tsallaka tsibirin da ke kusa inda wani yaro ke koyarwa shi kaɗai ba babba a kansa, ya yini a ajinsa, ya dawo da jirgin yamma. Ƙungiyar iyaye ta sayi rigar kariya ta ruwa guda biyu ta ajiye a makaranta saboda wannan tafiya. Inda waya ke kamawa, a haɗa malaman tsibirai uku ko huɗu a zaure ɗaya na WhatsApp, babba ya riƙa tura saƙon murya kan darasin mako, ƙanana su turo tambaya. Kuɗin katin wata bai kai na kwandon karfasa ba.